Neman shawara: wace wufa zan saya, kuma a ina zan ajiye ta?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da amfilifaya da ƙananan lasifika biyu a falo mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, ƙasan tayil ne, kuma bango ɗaya muke da maƙwabcina. Wufa biyu nake dubawa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai nauyi da ake kira bes, kowacce da amfilifayarta a ciki: sabuwa mai inci 10 wadda akwatinta a rufe yake ruf, da ta hannu mai inci 12 mai ramin iska. Wacce ta fi dacewa, a ina ake ajiye ta, kuma a lamba nawa ake tsayar da maɓallin kurosoba, wato wanda ke raba sauti tsakanin wufa da ƙananan lasifika?

Mai Kiɗan Biki: Wa alaikumus salam. Ka bar su duka ka nemi mai inci 15, domin da ita nake aiki a filin biki, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Kawu: Ɗana, ina roƙonka ka nisanci ta hannu. Na sayi irinta naira dubu 140, mai shagon ya gwada mini ita tana ruri lafiya lau, ashe ta cikin taransifoma ya jona ta a ƙarƙashin tebur bai faɗa mini ba. Kayan Amurka ce mai cin wuta volt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Ina jona ta a gida na ji tas, sai ƙauri ya cika falon. Da na mayar masa ya ce shi da rai ya ba ni ita. Wani mai gyara ya karɓi dubu 25, ta yi wata guda ta sake mutuwa, yanzu yara ne ke zama a kanta. Haƙƙina yana wuyansa har gobe kiyama.

Mai Kiɗan Biki: Allah ya mayar da alheri, Kawu, amma an tsuga maka kuɗi, domin ni dubu 85 na ga irinta.

Kawu: Dubu 85 ko akwatin banza ba za ta saya ba a wannan zamani.

Injiniya: Malam Baban Amira, mai inci 10 ta ishi falonka, kuma rufaffen akwati ya fi sauƙin sarrafawa a ƙaramin ɗaki. Ka fara da kurosoba a 80 Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba tana nufin sauti mai nauyi). Idan lasifikan ƙanana ne sosai, ka ɗaga zuwa 100. Wurin ajiyewa ya fi girman wufar muhimmanci, saboda sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wanda ke nufin, idan aka lissafa da tsawonsa da faɗinsa, falonka zai riƙa kumbura sautin da ke wajen 34 da 43 Hz, ka ji bes ya yi yawa a jikin bango alhali a tsakiyar ɗaki ya kusan ɓacewa. Ka ɗora wufar a kujerar da kake zama, ka kunna sauti mai nauyi, ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji shi ya fito sarai ba tare da gunji ba, nan ne mazauninta. Bayan haka ka gwada maɓallin fes, wanda ke daidaita bugun wufa da na lasifika, a 0 da 180, ka bar shi inda sautin ya fi cika.

Mai Gyara: Injiniya, da girmanka, wannan lissafin takarda ne. Mu da muke buɗe cikinsu kullum mun san a kusurwa ake ajiye wufa.

Injiniya: Kusurwa tana ƙara ƙarfi, ban musa ba, amma takan ƙara gunji, ga shi mutumin ya ce bangonsu ɗaya da maƙwabci. Gyaran allon wuta daban, saita ɗaki daban.

Maman Khalifa: Idan ya bi shawarar Mai Kiɗan Biki, maƙwabcin nan ya huta da sayen rediyo har abada. Mu a gidanmu gilashin taga da kwanukan cikin kabad ne suka riƙa karkarwa, sai da muka janye ta daga bango, muka sa mata roba mai kauri a ƙasa, sannan muka rage ƙararta zuwa inda ba a gane daga ina bes ɗin yake fitowa.

Mai Gyara: Hajiya, karkarwar kwano mai sauƙi ce. Yawancin waɗanda ake kawo mini wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi ce ta ƙona su, ko kuma ƙaramin janareta. Duk wanda zai sayi wufa ba tare da sitabilaiza ba, ya yi shirin zuwa wurina.

Kawu: Wace wutar ma? Mu rabonmu da ita tun makon jiya, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara ba.

Baban Amira: Na gode ƙwarai. Wadda na gani ta hannun an rubuta volt 220 zuwa 240 a bayanta, ko hakan ya sauya shawarar?

Mai Gyara: Ka fara gaya mini ƙarfin sitabilaizar da ke gidanka tukuna.