Wa ya taɓa kallon fim ɗin tsoro na Turawan Ingila a cikinsu?

Bakano a Landan: Salam 'yan uwa. Jiya abokan aiki suka ja ni Prince Charles Cinema wai kallon The Rocky Horror Picture Show na 1975. Ni na shirya wa tsoro ashe biki ne, mutane sun ci ado irin na 'yan fim ɗin, ɗan wasa na magana suna mayar masa da amsa da ƙarfi, aka sa waƙa kowa ya miƙe sai rawa. Ina zaune da gugguru a hannu kamar wanda aka kai gidan biki bai san amarya ba bai san ango ba.

Maman Ilham: Hhhh sannu ɗan uwa. Ni maƙwabciyata ce wata tsohuwa a Leeds ta zaunar da ni kallon Carry On Screaming na 1966, ta haddace shi kaf, kafin ɗan wasan nan Kenneth Williams ya buɗe baki ta riga shi. Tana dariya har da hawaye ni kuwa ko gezau, duk habaici ne da magana mai harshen damo. Daga baya take ce min finafinan kamfanin Hammer ake tsokana, irin su Dracula na 1958 da Christopher Lee ya fito, in ba ka san waɗancan ba a banza kake kallo.

Ɗan Zazzau: Aunty ai da Shaun of the Dead na 2004 aka fara miki, shi ba ya buƙatar tafinta. A ɗakin ɗalibai muka kalla, gawarwaki sun tashi suna cin mutane amma dabarar gogan naka wai ya ɗauko uwarsa da budurwarsa su shige mashaya su jira ƙura ta lafa, wurin da suke jifan gawa da faifan garmaho suna gardamar wanne za a jefa wanne za a bari, wallahi sai da cikina ya ƙulle.

Hajjo: Ku dai kun ji daɗi. An American Werewolf in London na 1981 aka sa min wai na barkwanci ne, da jarumin fim ɗin ya fara rikiɗa zuwa kyarkeci ƙashinsa na ƙara ai sai na hau salati, su kuwa suna ta yaba kwalliyar wai har lambar yabo ta Oscar ta ci. Da fitila a kunne na kwana.

Bakano a Landan: Hajjo sun ce in dawo wata mai zuwa, wai wannan karon har da shigar zan yi. Na ce babbar riga zan sa.