An ce na fita zakka a gidanmu, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya (an ɓoye suna): Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Ni haifaffen Unguwar Rogo ne a Jos, gidanmu babban gida ne, tun zamanin kakanmu yadi ake sayarwa. Shagon Baba na cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Taminus ta 2002, da ƙyar ya sake miƙewa, shi ya sa yake ganin duk ɗan da bai zauna shagon ba ya ci amana. Yayyena duk can suke. Ni da na gama Jami'ar Jos na yi bautar ƙasa, sai na ce noma zan yi. Muka kama hayar gona wajen Vom da wani abokina ɗan ƙabilar Birom da muka zauna ɗaki ɗaya a makaranta, dankalin Turawa da kabeji muke yi, muna kai wa kasuwar Farin Gada. Alhamdulillahi ba na roƙon kowa. To bara aka yi bikin ƙanwata, aka yanka wa kowa kuɗin anko da na dina. Na ce ba zan sa kwabona a cin abinci na awa uku ba, na sayo mata keken ɗinki sabo. Hajiyarmu har kuka ta yi, wai na kunyata ta gaban kishiyoyi. Yanzu iyayen yarinyar da nake nema sun zo bincike, wani ya ce musu yaron kirki ne amma ba ya jin magana, kansa kawai yake bi. Sun ce a dakata. Ko barci ba na iya yi. Shin laifi ne mutum ya yi tunani da kansa?

Baban Khalifa: Ƙanena, kar ka kuskura ka ja da baya. Abin da ya kashe mu ke nan, "haka muka tarar". Malam Aminu Kano malamin makaranta ne mai albashi, ya ajiye aikin a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU. Sarakuna da 'yan doka ba irin wulaƙancin da ba su yi wa mutanensa ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda ta ce mace ma tana da baki a siyasa, a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba sa jefawa. A zamaninsu marasa kunya ake ce musu. Yau je ka duba sunan wa ke jikin filin jirgin Kano. Al'ummar da kowa ke cewa "to" ba ta zuwa ko'ina. Idan iyayen yarinyar ɗan amshin shata suke nema, su je su nemo.

Maman Ilham: Wallahi ankon nan bala'i ne. Ni bikin 'yar kishiyata kala huɗu aka fitar, na ci bashin adashe na yi duka, ƙarshe ko hoto ba a kira ni ba. Har yau mai adashen tana aiko min yaro. Kuma maigidan yana kallo bai ce uffan ba. Maza dai!

Ɗan Gangare: Baban Khalifa, ka bar zuga yaro. Malam Aminu da zalunci ya yi faɗa, wannan da mahaifiyarsa yake yi. Kai kuma mai tambaya, shekarunka nawa a 2001? Mu mun ga rikicin Jos na 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Uwar da ta ga wannan, in ta ji ɗanta ya kama hanyar Vom da asuba, ba bin al'ada ne ke hana ta sukuni ba, tsoro ne. Ka taɓa tambayarta?

Mai tambaya: Yaya, ai wannan tsoron ne ya sa kowa ya koma unguwar 'yan addininsa, har yaro ya girma bai taɓa shiga gidan maƙwabcin da ba irinsa ba. Mahaifiyar abokina in na je ita ke ɗebo min ruwan alwala ta shimfiɗa min buhu a gindin bishiya. Kuma keken nan da shi ƙanwata ke ɗinka kayan makaranta yanzu. Ankon yana ina?

Baban Khalifa: Ka ji magana! Ko Izala da aka kafa a nan Jos a 1978, da farko ai cewa aka yi sun fita daga jama'a. Duk sabon abu haka yake farawa.

Admin: Baban Khalifa, don Allah kar a shigo da zancen aƙida, ka san dokar gidan.

Hajiya ta Rikkos: Ɗana, na karanta duka. Gonarka ban ga aibunta ba, keken ma ka kyauta. Amma ka ba mu tarihin gobara da na kakanka, ba ka faɗa mana yadda ka ƙi ankon ba. A ɗaki ka sami Hajiyarka ku biyu, ko a tsakar gida ka faɗa kishiyoyi na ji? Gaskiya ɗaya ce, amma wajen faɗinta daban-daban ne. Sannan ita yarinyar me ta ce? Ko sau ɗaya ba ka ambaci bakinta ba. Ka ɗauki kawunka ku je gidan, su ga mutum da idonsu.

Baban Khalifa: Hajiya, da girmanki, wannan lallashin ne ke mayar da masu basira 'yan bin sahu. Yau ya je ban haƙuri, gobe su ce ya bar gonar, jibi su zaɓa masa abokai. Ƙanena, wanda ya ce ba ka jin magana shaidar arziki ya yi maka bai sani ba.

Mai tambaya: Na gode Hajiya. A tsakar gida ne, amma ai a nan aka yanka kuɗin, ina kuma zan faɗa? Kawu shi ma yana ɓangarensu. Maganar yarinyar doguwa ce, ba ita na kawo ba. Ni abin da nake son sani, me ya sa sai ni kullum zan sauko?

Ɗan Gangare: To ai ka riga ka yanke hukunci, sa hannu kake nema.

Maman Ilham: Ni dai ƙanwar taka tana ɗinkin manya? Ina da atamfa biyu tun sallah.

Hajiya ta Rikkos: Ɗana, har yanzu ina jiran abin da yarinyar ta ce.