Hilux tana yin "ƙas" ba ta juyawa: kik ne ko rile?

Direban_Kasuwa:
Assalamu alaikum. Hilux ce ta 2010, injin fetur 2TR mai lita 2.7, giyar hannu. In na murɗa makulli sai ta yi "ƙas" sau ɗaya, injin bai juya ba. Sai na maimaita sau huɗu ko biyar kafin ta tashi, da turi kuwa nan take take kamawa. Batirin wata uku da saye. Wani ya ce kik ne ya mutu, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, wani ya ce rile ne. Mene ne ma aikin rilen nan? In kuma kik ɗin zan canza, yaya ake cire shi?

Mai_Wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi komai ka gane cewa abubuwa biyu ne suke yin ƙara, kuma mutane suna haɗa su.

Na farko rile, ɗan akwatin roba da ke cikin akwatin fiyus kusa da batir, a murfin za ka ga an rubuta ST. Na biyu solanoyid, wanda ke manne a jikin kik ɗin kansa. Dalilin da ya sa aka yi su biyu shi ne yawan wuta. Kik yana jan amfiya 150 zuwa sama lokacin da yake juya inji. Solanoyid yana jan kusan 30 a bugun farko. Makulli ba zai jure wannan kullum ba, bakinsa zai ƙone. Shi ya sa makulli yake tura 'yar wuta, ƙasa da rabin amfiya, zuwa rile, rile ya ba solanoyid wuta, shi kuma solanoyid ya tura bendis (ƙaramar giyar da ke bakin kik) cikin haƙoran fulawil (babban faifan da ke bayan inji) sannan ya haɗa babbar waya da motar kik ɗin.

To ka sa wani ya murɗa makulli, kai ka tsaya a gaban injin ka saurara. In ƙarar 'yar siririya ce daga akwatin fiyus, kik kuma shiru, matsalar tana tsakanin rile da ƙaramar wayar da ke zuwa kik. In ƙara ce mai nauyi daga ƙasan injin, rile ya riga ya yi aikinsa, ka ƙyale shi. Abin da ka kwatanta ya fi kama da na biyun.

Gwada rile ba wuya. Na Toyota ƙafafunsa suna da lamba 1, 2, 3 da 5. Ka ba 1 da 2 wutar batir, ya kamata ya buga, mita kuma ta nuna 3 da 5 sun haɗu. In babu mita, ka musanya shi da wani rile mai kamanni ɗaya da lamba ɗaya a cikin akwatin.

Injiniya_Sabon_Gari:
Gaskiya Oga Mai_Wayarin ya faɗa. Sai dai sabon batir ba hujja ba ne, a auna shi. A zaune 12.6V ne cikakke, 12.2V ya sha rabi. Lokacin murɗa makulli kada ya sauka ƙasa da 9.6V. Sannan a ɗora waya ɗaya ta mita a kan batir na ja, ɗayar a babban notin kik, a murɗa makulli. In ya wuce 0.5V, wayar ko kan batirin ne ke cinye wutar. A yi haka tsakanin baƙin kan batir da jikin injin, nan kada ya wuce 0.3V. Wayar at, wato wadda ta haɗa baƙin kan batir da jikin injin, in ta yi tsatsa tana sa a jefar da kik mai lafiya.

Mai_Wayarin:
In duk wannan ya fita daidai, to kik ne, amma ba lalle a canza shi gaba ɗaya ba. A kik ɗin kamfanin Denso abin da ya fi ci shi ne tagulla biyu da ke cikin solanoyid da faifan da ke buga su. Duk tayarwa sai tartsatsi ya ɗan ci su, har ɗaya ya fi ɗaya zurfi, faifan ya daina taɓa su tare. Shi ne yau ta kama, gobe ta ƙi. In solanoyid ɗinka mai murfi ne da ƙananan sukurori uku a baya, ana buɗewa a sa sabbin tagulla da faifai, kuɗinsu bai wuce kaso kaɗan na kuɗin kik ba. In rufaffe ne, sai a canza solanoyid ɗin dungurungum. A duba burushin kabon da ke cikin kik ɗin ma tun da an buɗe.

Cirewa kuwa, ka fara da baƙin kan batir, sifana 10. Kada ka tsallake wannan, domin babbar wayar kik tana da wuta ko da makulli yana aljihunka, sifana ta taɓa jiki sai walda. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya, in ka ɗaga motar kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. Kik ɗin yana inda inji ya haɗu da giyabos, ƙarƙashin manifol ɗin iska. Ka zare soket ɗin ƙaramar waya ta hanyar danna harshensa, ba a fizge shi. Ka ɗaga robar babban notin, sifana 12, ka cire wayar. Saura notuna biyu masu riƙe kik ɗin, yawanci 14. Na sama shi ne mai wahala, yana son soket da doguwar sanda. Ka fara kwance shi, ka bar na ƙasa ya riƙe nauyin har ƙarshe.

Kafin ka ɗaura wani, ka haska ramin da tocila ka duba haƙoran fulawil. In sun gutsure, sabon bendis ma zai riƙa gurzawa. Ka goge fuskar da kik yake zama a kai, ta nan yake samun at. Ka fara ɗaura notunan biyu da hannu kafin sifana. Notin babbar waya kuma a ɗaure shi daidai kawai, in an matsa sandar tagullar tana juyawa ta karkatar da abin da ke ciki.

Dan_Sifiya:
In za ka sayi ɗan Beljiyam, ka tafi da tsohon a hannu. Ka ƙirga haƙoran bendis, ka gwada ramukan noti da bakin soket, ka duba lambar da ke jiki, don na dizal ba ya shiga na fetur. A gwada shi a gabanka: baƙar waya a jikinsa, ja a babban noti, a taɓa ƙaramin baki. Bendis ya fito da ƙarfi ya juya, a saki ya koma nan take. Wanda yake jinkirin komawa ka bar musu.

Injiniya_Sabon_Gari:
Ƙari ɗaya, Malam. Kafin ka gyara, ka daina riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, ka bar shi ya huce rabin minti tsakani, in ba haka ba amacha, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikin kik, za ta ƙone. Kuma duk mai haɗa babban noti da ƙaramin baki da sukundireba don gwaji, ya tabbatar giya tana firi, domin motar za ta zabura da shi a gabanta.