Tambaya kan "burn the midnight oil"

Ɗalibar Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum malamai. Muna shirin WAEC, sai na ci karo da "burn the midnight oil" a tambayoyin shekarun baya. Me ake nufi da ita? Kuma 'yan ajinmu "burn the midnight candle" suke cewa, wanne ne daidai?

Malamin Turanci, Bauchi:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ana faɗinta ne ga wanda ya raba dare yana karatu ko aiki bayan kowa ya kwanta. Man fitila ake nufi, irin aci-balbal, tun kafin zuwan lantarki: duk wanda ya kai tsakar dare a kan littafi dole ya ƙona mai. Tsohuwar magana ce, marubucin waƙoƙi na Ingila Francis Quarles ya ambaci "midnight oil" tun 1635.

Wajen rubutu, aikatau kaɗai ke sauyawa: burn, burns, burning, burned ko burnt, duk biyun sun halatta. Sauran kalmomi ukun ba a taɓa su. Kada ki cire "the", kada ki sa "my" a gurbinta, kada ki ƙara "s" a kan "oil". Misali: "Aisha burned the midnight oil before her exam."

Yayan Ɗalibai, Jekadafari:
Ƙanwata, ki rabu da ta "candle" ɗin nan. Ta yaɗu a Najeriya har wasu malamai na faɗinta, amma haɗe-haɗe ce, kuma mai makin jarrabawa zai iya ja miki layi a ƙarƙashinta. An cakuɗa ta ne da wata daban, "burn the candle at both ends", wato mutum ya kwanta a makare, ya tashi da asuba, kullum haka har jiki ya gaza. Wannan gargaɗi ce. Ta "oil" kuwa galibi yabon ƙwazo ce.

Malama Mai Alli, Azare:
Ƙari kan bayanin Malam, ba kowane rashin barci take ɗauka ba. Ba a faɗinta ga mai gadi ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, domin lokacin aikinsu ke nan. Haka wanda ya kwana hira ko kallo. Sai an tsawaita aikin ya wuce lokacinsa, musamman na ƙwaƙwalwa, kamar bitar darasi ko haɗa rahoto. Tana kyau a labari da wasiƙa ga ƙawa. In wasiƙar neman aiki ce ko ta zuwa ga shugaban makaranta, ki rubuta "worked late into the night". Kuma sau ɗaya ya isa a insha'i guda.