Wa ke da "Dazed and Confused", Page ko Holmes?

Sani: Jama'a, jiya na sake sauraron faifan farko na ƙungiyar mawaƙa ta Led Zeppelin, na Janairun 1969. Har gobe ina kan bakana, "Dazed and Confused" waƙar mai jitarsu Jimmy Page ce.

Malam Garba: Sani, da sauranka. Wani mawaƙi Ba'amurke, Jake Holmes, ya fitar da ita a faifansa tun 1967. A Agustan shekarar shi ya buɗe fili kafin ƙungiyar Yardbirds ta hau dandamali a New York, kuma Page na cikinta a lokacin. Kashegari mai gangarsu, Jim McCarty, ya je ya sayi faifan. Suka riƙa kaɗa ta a wasanninsu. Da Yardbirds ta watse, Page ya tafi da ita sabuwar ƙungiyarsa, Led Zeppelin, aka buga sunansa shi kaɗai a jikin faifai.

Sani: Malam, ka ji ta Holmes kuwa? Ko ganga babu a ciki. Su Page suka sake baitoci, mai gangarsu John Bonham ya zuba ganga, Page kuma ya ɗauko baka irin na goge yana murza jita da shi. A gaban jama'a sai su ja ta kusan rabin awa. Wannan ai wata waƙa ce daban.

Anti Rabi: Ƙanena, rigar aro ko ka yi mata aikin wuya, ta mai ita ce. Sunan waƙar na Holmes ne, kiɗan bes ɗin nan mai gangarowa a hankali ma yana cikin tasa.

Sani: To Anti, me ya hana shi magana shekara arba'in?

Malam Garba: Ya yi. Ya aika musu wasiƙa a farkon shekarun 1980, ba wanda ya amsa. Shi kuma ya koma rubuta waƙoƙin talla, har da ta ɗaukar soja a Amurka. Sai a 2010 ya kai Page kotu, aka sasanta a waje. A faifan Led Zeppelin na 2012, Celebration Day, aka ƙara cewa Holmes ne ya zaburar da Page.

Sani: Kun ji ko? Zaburarwa aka ce, ba rubutawa ba.

Anti Rabi: Lauyoyi ne suka zaɓi wannan kalma, Sani. Ka nemo ta Holmes ka sa mana a nan, mu ji su a jere.

Sani: Da dare, in sha Allah. Data ta kusa ƙarewa.