Malamin da ke duba aikina ya ce bincikena kan masu barin karatun injiniya ba shi da ƙafa, ku ba ni shawara

Ummu Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina digiri na biyu a fannin ilimi, amma digirina na farko injiniyan lantarki na karanta. Abin da ya kai ni ga wannan batu wata ƙawata ce da muka shiga aji ɗaya tare. Ita ce ke zaunar da mu da daddare tana warware mana lissafi, ni kaina ba don ita ba da ban haye kalkulas ba. Muna aji biyu, zango na biyu, sai ta fara ƙin zuwa ɗakin gwaji, daga nan ta daina zuwa lacca, kafin mu farga ta koma sashen tattalin arziki. Ba faɗuwa ta yi ba, makinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na tambaye ta ya fi a ƙirga, amsarta ɗaya ce, wai ta gaji. Har yau muna zumunci, har yau ba ta faɗa min gajiyar me ba. Ni da nake rarrafe na gama, ita da ke gudu ta sauka. Abin nan ya daɗe yana cina.

Shi ya sa na ɗauki batun dalilan da ke sa mata, da 'ya'yan marasa ƙarfi, da waɗanda su ne na farkon shiga jami'a a gidansu suke barin karatun injiniya. Na raba takardar tambayoyi, na tattara, babi na huɗu ya kusa kammala. Sai malamin da ke duba aikin ya ce ba shi da ƙafar tsayawa, in koma in sake tunani. Bai ƙara ko kalma ba, kuma ya yi tafiya. In sauya batu ne, ko in nemi a sauya min malami, ko in ci gaba a haka?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo mafita. Amma ba ki faɗa mana su wa kika raba wa takardun ba, kuma yaushe ne wa'adin miƙa aikin?

Ummu Haidar:
'Yan aji uku da aji huɗu, Baban Sadik. Su ne suka fi sanin ciki da wajen tsangayar.

Dakta:
To ƙanwata, nan gizo ke saƙar. Kina neman dalilin tafiya, kin je kin tambayi waɗanda suka zauna. Kamar a tara waɗanda suka haye kogi ne a ce su bayyana yadda ruwa ke cin mutum. Malaminki bai kyauta ba da bai yi miki bayani ba, amma gaskiya ya faɗa.

Ki nemi aikin Elaine Seymour da Nancy Hewitt na 1997, Talking About Leaving. Sun yi hira da ɗalibai 335 a jami'o'i bakwai na Amurka, waɗanda suka bar kimiyya da lissafi da injiniya da kuma waɗanda suka tsaya, kuma da gangan suka zaɓi masu makin lissafi mai kyau tun daga shigowa, don kada a ce ai raunana ne suka gudu. Abin da suka gano shi ne masu tafiya da masu zama ba su da wani bambanci na a zo a gani wajen ƙwazo. Koke-kokensu ma kusan iri ɗaya ne: koyarwa marar daɗi, gaggawar manhaja, rashin mai ba da shawara, da sha'awar fannin da ke mutuwa a hankali. Bambancin yana wajen wanda ya samu abin dafawa da wanda bai samu ba. Ki ajiye takardun nan, ki nemo waɗanda suka tafi ki zauna da su. Babu wata hanya.

Ummu Haidar:
Na gode Dakta. Amma ai kai da bakinka ka ce kokensu iri ɗaya ne. In haka ne, abin da 'yan aji huɗu suka faɗa min ya isa ya nuna abin da ya kori sauran. Kuma ba da ka na yi aikin ba, a kan tsarin masani Tinto na ɗorewar ɗalibai a makaranta na gina tambayoyin.

Dakta:
Su sun san iri ɗaya ne saboda sun tambayi ɓangarorin biyu. Ke zato kike yi. Shi kuma tsarin Vincent Tinto na 1975, wanda ke cewa ɗalibi yana ɗorewa gwargwadon yadda ya saje da makaranta a karatu da mu'amala, an daɗe ana sukarsa. Tun 1992 William Tierney ya ce tsarin yana ɗora wa ɗalibin da ya fito daga tsirarun al'umma nauyin ya rabu da nasa ya narke cikin na wasu, bai tambayi ko makarantar ce ya kamata ta gyara halinta ba. In batunki bambancin ɗalibai ne, dole ki fuskanci wannan sukar a babi na biyu.

Injiniya Maman Nur:
Ƙanwata, ni ba sai kin yi bincike ba, zan faɗa miki gajiyar da ƙawarki ta yi. Shekara huɗu ina cikin rukunin aikin gwaji, ni kaɗai mace. Duk ranar da aka shiga ɗakin, kafin in ajiye jaka an miƙo min biro da takarda, wai rubutuna ya fi kyau. Su ke haɗa waya, su ke taɓa na'ura, ni ke rubuta sakamako in buga rahoto. Ranar kare aiki malami ya yi min tambaya a kan haɗin da ban taɓa saka wa hannu ba, na yi shiru, ya juya ya ce wa sauran ai dama ya sani. Wannan kalmar har yau tana kunnena. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni, shi ya sa in an tambaye ka ba ka da abin faɗa sai ka ce ka gaji. Yanzu ma a wurin aiki haka ne, in an zo taro ni ake kallo in ɗauki bayani, alhali na girmi rabinsu a aikin.

Abu Ammar:
Da girmamawa Hajiya, amma a daina mai da komai maganar mace da namiji. Injiniya karatu ne mai wuya, kuma haka ya kamata ya zama. Wanda zai gina gadar da mutane za su bi dole a tace shi. Mu ma maza da yawa sun fita a ajinmu, ba wanda ya rubuta kundi a kansu. Ni sau biyu na maimaita kwas ɗin zafi da makamashi, ban ga wanda ya lallashe ni ba.

Dakta:
Malam Abu Ammar, tacewa daban, zubarwa daban. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun haɗa bincike 225 suka fitar a mujallar PNAS. Azuzuwan da malami ke zuba lacca kawai, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai su warware matsala a cikin aji su yi muhawara, kusan kashi 22 ne. Fanni ɗaya, wuya ɗaya, salon koyarwa ne ya bambanta. Wani aikin na 2020 a mujallar dai ya nuna irin wannan koyarwa tana rage tazarar da ke tsakanin ɗaliban da suka fito daga tsiraru ko gidajen talakawa da sauran. Tun shekarun 1970 masanin lissafi Uri Treisman ya lura a jami'ar California da ke Berkeley cewa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo suna faɗuwa kalkulas suna karatu su kaɗai, 'yan asalin Sin kuwa a rukuni suke yi. Da ya haɗa su rukuni ya ba su tambayoyi masu wuya, ba masu sauƙi ba, sai sakamako ya sauya. Ba lallashi ba ne.

Abu Ammar:
Duk Amurka ce dai.

Mai Rajista:
Ni a ofishin jarrabawa nake aiki, bari in sa baki. Hajiya Ummu Haidar, me kike nufi da bari? Wanda ya koma wani sashe, da wanda aka sallama saboda maki, da wanda ya dakatar da karatu don rashin kuɗi ya dawo bayan shekara biyu, da wanda ya bar lantarki ya koma injiniyan gine-gine, duk a takarda ɗaya suke ɓacewa, amma ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Sannan kin tabbatar matan sun fi barin kuwa? Matthew Ohland da abokan aikinsa sun bi bayanan ɗalibai na jami'o'in Amurka da dama ta rumbun MIDFIELD, a 2008 suka nuna injiniya ba ta fi sauran fannoni zubar da ɗalibai ba, matsalarta ita ce kusan ba mai shigowa daga wani fanni ya cike gurbin wanda ya fita. Kuma a bayanan nan matan da suka fara injiniya suna ɗorewa kusan daidai da maza. Ƙarancin tun daga ƙofa yake. Shawarata ki bar maganar hira, ki nemi izini a ba ki bayanan rajista ba tare da sunaye ba, ki bi rukuni ɗaya daga aji ɗaya zuwa ƙarshe.

Dakta:
Rajista za ta faɗa mata nawa suka tafi da yaushe. Ba za ta faɗa mata abin da Injiniya Maman Nur ta faɗa ba. Hira ce maganin.

Ummu Haidar:
Ni a ajinmu na gani da idona mata sun fi fita, ba sai an ba ni rajista ba. Kuma maganar hira, ina zan samo su? Sun watse, sashen ba ya ajiye lambar wanda ya tafi, sannan sai na sake neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Takardun nan wata huɗu na yi ina bin mutane kafin su cike.

Injiniya Maman Nur:
Ki sa maganar mai jagora a shawarwarinki ko ma wace hanya kika bi. Akwai gwajin da Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta suka yi da mata 150 'yan aji ɗaya a jami'ar Massachusetts, aka buga a 2017. Waɗanda aka haɗa da babbar ɗaliba mace ta riƙa jan su, ba wadda ta bar injiniya a shekarar farko. Da na samu irin wannan yayar da ban sha abin da na sha ba.

Baban Sadik:
Ni dai shawarata kada ki nemi sauyin malami, za ki ja wa kanki abin da ya fi wannan. Ki sauya taken kawai ya koma abubuwan da suka taimaki waɗanda suka ɗore. Bayananki sun dace da wannan tambayar ɗari bisa ɗari. Ki rubuta gazawar aikin a sakin layi ɗaya, ki karɓi digirinki, sauran ki bar wa digiri na uku. Har yanzu dai ba ki faɗi wa'adin ba.

Dakta:
Wannan gudun wahala ne, Baban Sadik. Mutum goma sha biyu ma sun ishe ta in hirar ta yi zurfi, kowane ɗaya zai nuna mata wani. Kuma ta farko tana hannunta, ƙawar nan tata.

Ummu Haidar:
A'a Dakta, ita kam ba zan mai da ita abin bincike ba. Kuma in na sauya take kamar yadda Baban Sadik ya ce, to me na yi ke nan? Ba don masu zama na fara aikin ba. Zan jira malam ya dawo in kai masa babin yadda yake, wataƙila ma ba abin da kuke zato yake nufi ba, ƙila lissafin ne bai gamsar da shi ba.

Ɗan aji huɗu:
Anti Ummu Haidar, don Allah ko za ki turo min takardar tambayoyin taki? Nima irin batun aka ba ni.