Neman shawara: littafi ya ce digiri 78, ni kuma 75 na gani

Ɗaliba daga Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka karanta kemistiri ko suke koyar da shi. Ni 'yar aji biyu ce a wata jami'a a nan Jos, wannan zangon muka fara kemistirin oganik tare da firaktikal ɗinsa.

Makon jiya aka ba rukuninmu etanol mu tafasa shi, tururin ya bi ta kwandensa ya koma ruwa, mu rubuta zafin da ya tafasa a kai. Littafin firaktikal ya ce digiri 78. Mu kuwa ma'aunin zafi ya hau ya tsaya cak a 75, ruwa na ta ɗiga, ya ƙi gaba. Muka canza ma'auni, duk kanwar ja ce. Kafin wannan mun tsarkake asid ɗin benzoyik da ruwan zafi. Giram 2 aka ba mu, da ƙyar muka tsira da giram 1.1, kuma ya narke tsakanin 116 da 120 maimakon 122.

Ran Litinin za mu miƙa rahoto. 'Yan rukuninmu sun ce kowa 78 yake rubutawa, mu ma mu bi sahu. Raina bai kwanta da haka ba, amma ina tsoron a zaftare mini maki. Sannan a lakca kibiyoyin nan da malami yake zanawa a allo sun ƙi zama mini, na haddace da dare, da safe sun gudu. Yaya zan yi?

Ɗan aji huɗu, Farin Gada:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gaskiya ni 78 zan ce ki rubuta. Mai duba rahoton takardu ne jibge a gabansa, lamba kawai yake nema ya wuce. Ki ci makinki tukuna, fahimta ta biyo baya.

Malamin kemistiri mai ritaya, Tudun Wada:
Ɗana na Farin Gada, ban yarda da kai ba, kuma ga dalili. 'Yata, ki rubuta 75 ɗinki, domin a Jos shi ne amsar da ta dace.

Abu mai ruwa-ruwa yana tafasa ne lokacin da ƙarfin tururinsa ya kai nauyin iskar da ke danne shi daga sama. Lambar 78 da ke littafi an auna ta ne a nauyin iska irin na bakin teku, wato milimita 760 na ma'aunin makuri. Jos kuwa tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, nauyin iskarmu wajen 660 ne. Tunda abin da ke danne ruwan ya ragu, ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya tafasa. Shi ya sa ruwan da ke tafasa a digiri 100 a Legas, a nan wajen 96 yake tafasa, etanol kuma ya sauko tsakanin 74 da 75. A kimance, duk hawan mita 300 yana rage wa ruwa kusan digiri ɗaya. Ɗalibin Abuja zai ga bambancin, sai dai nasa kaɗan ne, don tsayin Abuja bai kai rabin na Jos ba.

Ki roƙi mai kula da lab ya bar ki ki tafasa tataccen ruwa da ma'aunin da kuka yi aiki da shi. In ya nuna wajen 96, ma'auninku lafiya lau yake. Ki sa wannan a rahotonki: ga abin da na gani, ga na littafi, ga dalilin bambanci. Na daɗe ina duba irin waɗannan rahotanni, kuma duk wanda ya kawo mini 78 daidai a garin nan na san daga littafi ya kwafo. Abin da ya fi damuna ma shi ne gaba. Cikinku akwai masu zuwa su auna magani ko ruwan sha na jama'a, kuma hannun da ya saba gyara lamba a aji biyu da wuya ya daina.

Ma'aikacin lab, Bukuru:
Malam ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara daga wurin aiki: ki tuna inda kan ma'aunin yake. Ya kamata ya tsaya ƙasa kaɗan da bakin bututun da tururi yake bi ya shiga kwandensa. In ya yi sama, tururi ba ya lulluɓe shi, sai ya nuna ƙasa da gaskiya. In kuwa kin ga ɗigon ruwa yana rataye a kansa yayin da ake tacewar, to wurin ya yi.

Batun benzoyik daban ne, kada a ɗora wa tudun Jos. Nauyin iska kusan ba ya taɓa zafin narkewa. In kika ga ya narke ƙasa da 122, kuma ya ɗauki tazarar digiri huɗu, to ko dai bai bushe ba, ko akwai datti, ko an cika wuta. Ɗalibai da yawa suna kwashe shi daga takardar tacewa yana da danshi su cusa a siririn bututu. Ki bar shi ya bushe sarai, ki niƙa shi, in kin kusa 122 ki rage wuta ya riƙa hawa digiri ɗaya ko biyu a minti.

Raguwar nauyin kuwa, wuri biyu yake zurarewa. Na farko yawan ruwa: ko ya huce, kowace lita tana riƙe wajen giram 3, don haka ki zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har ya narke, ki tsaya. Na biyu sanyin garin nan. Da safe mazurari yana da sanyi ƙarara, kina zuba ruwan zafin sai ki ga fararen allurai sun fito a jikin takarda da wuyan mazurarin, a zubar da su tare da datti. Ki ɗumama mazurarin da ruwan zafi kafin ki tace.

Anti mai harhaɗa magani, Rikkos:
Ƙanwata, ni a kan lafiyarki zan yi magana. Etanol yana kama wuta da sauri, kuma harshen wutarsa ba ya fitowa sosai da rana. In da hali a ɗora kwalbar a cikin ruwan zafi, kada a kai ta kan wutar murhun Bunsen kai tsaye. Hijabinki ki cusa shi cikin farar rigar lab ki ɓalle maɓalli, kada gefensa ya riƙa lilo in kin sunkuya. Tsakuwoyin hana tumbatsa kuma tun ruwan yana da sanyi ake jefa su. In aka jefa bayan ya yi zafi, zai iya yin ambaliya a fuskar mutum.

Malamin kemistiri mai ritaya:
Na koma kan kibiyoyin, 'yata. Hadda ba za ta kai ki ba, don hanyoyin haɗuwar sinadarai sun fi ƙarfin a haddace. Kowace kibiya tafiyar ilaktoron biyu take nunawa, daga inda suka yi yawa zuwa inda ake ƙarancinsu. Saboda haka kafin ki zana komai ki tambayi kanki: wa ke da rara, wa ke nema? Inda kabon ya haɗu da oksijin, oksijin yana janye ilaktoron wajensa, kabon ɗin ya zama mabuƙaci, nan ake kai hari. Bayan kowane mataki ki ƙirga hannayen kabon, kada su wuce huɗu.

Ki samu tsinken sakace da ƙullin fulawa ki gina kabon mai hannu huɗu. Ki liƙa masa manyan dunƙule uku, hannu na huɗu ya riƙe wanda zai fita, ki gwada shigo da sabon dunƙule ta bayan mai fitan, za ki ga hanya ta toshe. Da idonki za ki gane abin da ya sa irin wannan kabon ba ya bin SN2 (inda sabon yake shigowa ta baya a daidai lokacin da tsohon yake fita), sai dai SN1 (inda tsohon yake fara fita sannan sabon ya shigo). Kullum ki zana guda biyu da hannunki littafi a rufe, sannan ki buɗe ki gwada.

Ɗaliba daga Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti da kowa, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan je in nemi izinin tafasa ruwan. To giram 1.1 ɗin fa, shi ma haka zan rubuta? Kuma in 'yan rukunina suka ƙi?

Malamin kemistiri mai ritaya:
Haka za ki rubuta. Ki raba 1.1 da 2 ki ninka da 100, kashi 55 ke nan, ki bi shi da bayanin yawan ruwa da sanyin mazurari in su ne suka faru da ku. 'Yan rukuninki ki tafi da su wajen tafasa ruwan su ga 96 da idonsu. In duk da haka sun ƙi, ki sami malamin kwas ɗin kafin Litinin ki nuna masa lambobinki.